Zakaran Falonmu

Duk gidan da aka kafa wa faranti a kan rufi a Garwa, in ka bincika da kyau za ka tarar da mutum ɗaya a cikinsa wanda bai taɓa faɗuwa gasar kacici-kacici ba, saboda bai taɓa shiga ba. A gidanmu ni ne wannan mutumin, kuma na daɗe a kan sarautar babu mai ja da ni.

Shirin da ya naɗa ni shi ne Questions pour un champion, wanda tashar FR3, France 3 ta yanzu, ta fara a 1988, mu kuma yake iso mana ta TV5Monde. Mutum huɗu ake tsayarwa, kowa da maɓalli a gabansa. Mai gabatarwa ya jefo tambaya, wanda ya riga dannawa shi ke da baki. Ukun da suka fara haɗa maki tara su wuce, na huɗu a sallame shi da littattafai. Daga nan a ba kowa daƙiƙa 40 ya amsa tambaya huɗu a jere, in ya yi tuntuɓe a ta uku ya koma farko. Biyun da suka rage su yi gaba da gaba, kuma nan ne wurin da nake so. Mai gabatarwa yana karanto siffofin abu da bakin abin kansa, ni kaza ne, an haife ni a gari kaza, yana zuba zance da gudu, maki kuma na zubewa daga huɗu zuwa uku, zuwa biyu, zuwa ɗaya. Wanda ya yi saurin ganewa ya kwashi da yawa, mai nawa ya tsinci ragowa. Julien Lepers, mai tsalle-tsalle da katunansa masu ruwan ɗorawa, shi ya riƙe shirin tun daga farko har 2016, sannan Samuel Étienne ya gaje shi. Lokacin da aka yi wannan sauyi na shiga ƙunci har uwargida ta tambaye ni ko rasuwa aka yi a dangi aka ɓoye mata.

Ni ɗin ba wani malami ba ne. Kayan babur nake sayarwa a babbar kasuwa, lakwal kuwa a BEPC na tsaya, takardar tana nan cikin gilashi a bango, daidai saman talabijin, inda baƙo ba zai iya kallon labarai ba sai ya gan ta. Amma zaman gaban wannan shiri ya cika mini kai da kaya. Na san Louis na 14 ya yi shekara 72 a kan gadon sarauta. Na san yaƙin Marignan a 1515 aka yi shi, ko da yake kada ka tambaye ni abin da ya haɗa su faɗan. Na san kogunan Faransa da cukunsu da sunayen matan sarakunansu, ni da ban taɓa wuce Yawunde ba, can ɗin ma biki ya kai ni.

Sauran abin da ban sani ba kuwa, akwai dabararsa. Idan tambaya ta fi ƙarfina sai in runtse ido, in ɗaga yatsa sama, in ja wani dogon “mmm” daga maƙogwaro. Da zarar Baturen da ke cikin akwati ya buɗe baki ya furta gaɓar farko, sai in cafe, mu ƙarasa kalmar tare, muryata ta danne tasa. Ya ce “Bor”, ni in ce “deaux!” in buga cinya. In amsar ta yi daidai sai in waiwaya in dubi iyali ɗaya bayan ɗaya. In kuma Baturen ya kuskure, sai in yi tsaki in ce ai na san ba ita ba ce, gwada shi nake yi. In abin ya zo da sauri ban samu kamawa ba, tari yana nan. Wanda tari ya sarƙe ba a ce masa bai sani ba.

Dokar gidan a lokacin shirin ita ce shiru. Ba a daka, ba a soya, ba a aiken yaro ya ratsa ta gaban akwati. Matsalar kawai ita ce su ma matan gidan suna da abin kallonsu, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da sauran dangoginsa, rimot kuma ɗaya ne, yana aljihun rigata. Uwargida ta sha ce mini, “Malam, wannan ilimi naka da a kan kuɗin cefane ka zuba shi da mun huta.” Nakan amsa mata da cewa ba kowa ke gane darajar sani ba.

Ana nan cikin bazara, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 har kwalta ta yi laushi, sai ƙanin uwargida ya zo daga Jimeta sayen kaya. Direba ne, bakinsa ya fi motarsa gudu, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa, duk abin da ya faɗa maka sai dai ka haɗiye ka yi dariya. Faransanci bai san ko na gaisuwa ba. Ya zauna a gefena yana ɓare gyaɗa, ya kalli zagayen farko bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni nawa ake ba wanda ya faɗi.

Na ce ƙamus ake ba shi, manya-manya, na Larousse.

Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Ya ce su a Najeriya da suka tashi yin irin wannan, Frank Edoho ya zaunar da mutum a kujera ya ce ga naira miliyan 10, in ka rasa amsa ma a ba ka waya ka kira abokinka. “Ku kuma an tara dattawa an tsayar da su a kan ƙafa, a ƙarshe a ba su littafi su ɗauka a ka. Yaya, wannan ai horo ne.”

Na bar shi, don jahilci ba a yi masa gardama. Na ci gaba da aikina, na kawo Napoléon, na kawo Marseille, na ja “mmm” na kawo wani mawaƙi da ban taɓa jin sunansa ba sai a daren. Ashe mutumin nan bakina yake kallo, bai damu da akwatin ba.

“Yaya, tambaya gare ni. Me ya sa kullum sai Baturen ya fara kake ƙarasawa?”

Na ce ladabi ne, ba a riga baƙo magana.

“To bari mu toshe bakin baƙon mu ji naka.” Ya miƙo hannu zai karɓi rimot.

Allah Ya rufa mini asiri a daidai wannan lokaci, ko kuma haka na zata, domin ɗif aka ɗauke wuta. A bazara wannan ba labari ba ne a wurinmu, ruwan madatsar Lagdo da ke ba arewacin Kamaru lantarki ya ja baya, unguwa-unguwa ake bi. Fanka ta tsaya, falo ya zama tanda, muka kwashi tabarmi muka fito tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Da na yi shiru a nan da yanzu ina nan da mutuncina. Amma ganin akwatin ya mutu, babu mai iya gwada ni, sai bakina ya buɗe. Na ce ya yi sa'a, da wutar nan ta ƙara minti biyar da ya ga abin da ake kira sani. Na ce ko a gidan nan, ko a unguwar nan, kai ko daga nan har Pitowa, babu mai tsayawa da ni.

'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata ta ci, tana ajin kusa da ƙarshe a lise. Ita ce ta ce, cikin ladabi, “Baba, ai ba sai da wuta ba. Ni zan iya yin mai gabatarwa. Sai in yi da Hausa don Kawu ya ji.”

Uwargida ta ce, “Malam, ka bari.” Ta faɗa sau ɗaya, ba ta maimaita ba, ta tashi ta ɗauko gawayi don rubuta maki a bango. Wannan saurin nata ya kamata ya faɗakar da ni.

Aka yanka sharaɗi. Wanda ya zo na ƙarshe zai sayo wa gida giwan ruwa guda, babba, daga bakin gada. In kuma ni ne, rimot zai bar aljihuna har ruwan farko ya sauka. Ni na ƙara wannan da bakina, don in nuna ba na tsoro. Ana buƙatar mutum huɗu, ga ni, ga Kawunsu, aka jawo Auta ɗan firamare, sai aka rasa na huɗu. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana gefe a kan tabarmarta tana goga goro a magogi don haƙora sun yi ƙaura. Ta yi shekaru tana sayar da bandar kifi a bakin kogi, Faransancinta bai wuce na ciniki ba, rediyonta kuma ba ya rabuwa da ita. Aka ce ta cike gurbi. Ta ce ita ba ta san wasan ba, amma in zama ne tana zaune.

Maɓalli kuwa kowa ya nemi nasa. Ni na ɗauki murfin babbar tukunya da ludayin ƙarfe. Kawu ya ɗauki buta. Auta ya kifa kwano. Gwaggo ta ce gwangwanin goronta ya ishe ta. Ummi ta tsaya da fitilar waya da littafinta na makaranta, ta yi ɗan rubuce-rubuce, ta ce kowace tambaya maki uku ce, wanda ya buga ya kuskure ba shi da baki sai tambaya ta gaba. Ta gyara murya.

“Ni kogi ne. Na ratsa ta gefen babban birni, an ɗora mini gada, jiragen ruwa sun yi zamani suna kawo kaya a tashata, baƙi kuma suna zuwa ɗaukar hotona…”

Ƙarar murfin nan sai da ta tayar da kajin maƙwabta. “Seine!” na ce, “kogin birnin Paris!” Na waiwaya ina duban iyali ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba.

Ummi ba ta ko ɗago kai ba. “Na taso daga tsaunukan Adamawa, an tare ni a Lagdo, Mayo Kebbi ya zubo a cikina, na wuce Jimeta da Makurɗi, tafiyar kusan kilomita 1,400, na haɗu da Kwara a Lakwaja.”

Kawu yana ta lalubar butarsa cikin duhu, sai muka ji ƙwas, ƙwas, a hankali. “Binuwai kenan,” in ji Gwaggo. “Yo wannan ma tambaya ce? Kai ɗan nan, ba a ciki na riƙa yi maka wanka ba?”

Na ce tarko ne, kuma an ga alamar mai saurin tunani. Uwargida ta ja layi uku a ƙarƙashin sunan Gwaggo. Ƙarar gawayi a jikin bango ban taɓa lura tana da zafi haka ba.

“Ni shugaban ƙasa ne, na farko a ƙasata bayan 'yancin kai na 1960. Na daɗe ina mulki, sannan na sauka da kaina, na miƙa wa firaministana. Kabarina yana Dakar…”

To, a nan ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. Wa zai ji wannan bai ce Senghor ba? Shugaban Senegal na farko, ya sauka da kansa a ƙarshen 1980, ya bar wa Abdou Diouf, yana kwance a Dakar. Ga shi mawaƙi, ɗan majalisar masana harshen Faransanci, irin mutumin da shirin nan ke ƙauna. Na buga murfi da hannu biyu, na faɗi sunansa cikakke, Léopold Sédar Senghor, ina jan kowace gaɓa, har na ƙara da shekarar rasuwarsa, 2001, kyauta.

“An haife ni a Garwa a 1924,” in ji Ummi.

Tsakar gidan ta yi tsit. Ko Kawu, da ya zo daga wata ƙasa, ya gane, sai dai dariya ta hana shi buga buta. Gwaggo ta ajiye magogi, ta ƙwanƙwasa gwangwani, ta ce, “Amadu Ahijo, Allah Ya jiƙansa.” Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ba mu labarin daren Alhamis ɗin da ya yi jawabi a rediyo, 4 ga Nuwamban 1982, ya ce ya ajiye mulki, yadda mutane suka fito ƙofar gida cirko-cirko kowa na tambayar kowa ko ya ji abin da ya ji, da yadda bayan kwana biyu aka rantsar da Paul Biya. Ta ce ranar da labarin rasuwarsa ya zo daga Dakar a 1989 tana bakin kogi tana juya kifi a kan wuta. Duk wannan ba a cikin maki yake ba, amma babu wanda ya katse ta, ni kuma na samu lokacin yin nazarin murfin tukunya. Akwai wata 'yar lotsawa a gefensa da ban taɓa gani ba.

Na nemi a ba ni damar kiran aboki. Ummi ta ce wannan dokar shirin su Kawu ce, a nawa babu ita, ni na koya mata.

Ta uku ba ta ɗau lokaci ba. Ɗan ƙwallo ne, ya buga a filin Roumdé Adjia ranar 11 ga Janairun 2022, bahago ne a ƙafa, a lokacin a Ingila yake wasa. Na ce Salah. Ashe wanda ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ake nema, Kelechi Iheanacho, ranar da Najeriya ta doke Masar a gasar kofin Afirka. Kawu ya buga buta har ruwa ya fantsamo mini, ya miƙe yana rawa. Abin da ya fi ciwo shi ne ina cikin filin a ranar, Kawun ne ya saya mini tikiti, kuma da aka ci ƙwallon ni na fi kowa ihu a layinmu.

Daga nan na sauya salo. Na gane yarinyar nan ta san inda nake taka ƙafa, tana haƙa rami a wurin. Na ƙudura ba zan sake bugawa ba sai na ji ƙarshen zance. Ita kuma, ina jin tausayi ne ya kama ta, ko ta tuna wa ke biyan kuɗin makaranta, sai ta sassauta murya ta dube ni ta ce, “Ni ne kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa.” Ta yi shiru.

Na san amsar. Wallahi na san ta, ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Amma na riƙe ludayi a sama ina jiran sauran, ina cewa a raina yanzu za ta ce kuma na bi ta bayan kasuwar Pitowa. Ta sake dubana, har da ɗaga gira. Na ja “mmm” ɗina, na runtse ido, na ɗaga yatsa, ina jiran wanda zai fara mini gaɓar farko. Ya kuwa zo, daga ƙasa, wajen gwiwata. Auta ya buga kwano ya ce, “La Loire,” da muryar haddar aji.

“…oire!” na ce, tare da shi.

Wannan ita ce dariyar da ta fi kowace tsawo a daren. Uwargida sai da ta zauna a kan turmi. Kawu ya ce yanzu ya samu amsar tambayarsa ta ɗazu, kuma ladabin Yaya ya kai har ga 'ya'yan cikinsa.

Bango ya nuna Gwaggo shida, Kawu uku, Auta uku. A ƙarƙashin sunana uwargida ta zana ƙwai, ta yi masa kyau, har da inuwa. Na ga in ban yi wani abu ba yanzu, an gama. Jira ya cuce ni, to a koma sauri.

“Ni fara ce, mai laushi, marar nauyi. In lokacina ya yi sai ka ga fili ya yi fari fat…”

“Dusar ƙanƙara!”

Gumi na ɗiga daga haɓata lokacin da na faɗi haka. Ummi ta ƙarasa a gurguje, tana danne dariya, cewa ana shuka ta da damina, kamfanin Sodecoton da aka kafa a 1974 yana da hedkwata a garin nan saboda ita, ƙungiyar ƙwallon garin da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 kuma sunanta ta ci. Gwaggo ba ta ma buga gwangwani ba, nuna rigar da ke jikina ta yi da magogi ta ce, “Auduga. A kawo kifina.”

Aka dawo da wuta muna naɗe tabarmi. Na ciro rimot daga aljihu na miƙa wa uwargida a gaban shaidu, ta karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Tun daga ranar nake zama a gefen kujera ina kallon Daɗin Kowa, kuma an kafa mini doka irin tawa, shiru, domin na fara faɗin abin da zai faru a gaba, shi ma ba na dacewa.

Washegari da sassafe na hau babur na nufi bakin gada, ina lissafin cewa in na yi sammako babu wanda zai gan ni. Na manta Kawu a tasha ya yi sallar asuba, na kuma manta duk matan da ke sayar da kifi a wurin ko ƙawayen Gwaggo ne ko 'ya'yan ƙawayenta. Tun ban kashe babur ba na ga ana taɓa juna. Na isa gaban wata dattijuwa, na gaishe ta, na nuna wani giwan ruwa da ke kwance a faranti, na tambayi kuɗinsa.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin zane. “Alhaji, wanne kake so? Na kogin nan, ko na Faransa?”

Na ce na nan.

“To, jaka takwas ne. Amma kai kawo tara, an ce ba ka taɓa haɗa tara ba.”

Na biya tara, na ɗaure kifin a bayan babur, na bi ta hanyar da ba ta ratsa tasha.